Ranar da 'Yan Dabo Suka Naɗe Tabarmarsu

Tun ina ƙarami nake jin manya suna cewa gani ya kori ji, na kuwa daɗe ina riƙe da wannan magana tamkar hukuncin alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a bayansa, har ranar da na kutsa cikin wata da'ira ta yara da manya a gefen kasuwa, na iske wani ɗan dabo ya damƙi ƙasa a tafin hannunsa, ya tofa mata wasu kalmomi, ya buɗe hannun, sai ga sukari fari fat, ya kuma lasa wa wani yaro domin ya zama shaida. Na gani da idona, yaron ya ɗanɗana da harshensa, jama'a suka ɗauki salati, amma duk da haɗuwar waɗannan shaidu ƙasa ba ta zama sukari ba. A ranar na soma fahimtar cewa ido shaida ne mai saurin karɓar toshiya, kuma akwai mutanen da suka san farashinsa sarai, har suka mai da saninsu sana'a.

Abin da ya tuno mini da wannan tsohon al'amari shi ne wani labari da ya wuce a zamanin annobar korona ba tare da mutane da yawa sun kula da shi ba, waɗanda suka kula kuwa galibinsu dariya suka yi. A garin Blackpool, wanda yake bakin teku a arewa maso yammacin Ingila, 'yan dabo daga sassan duniya sukan taru kowane watan Fabrairu a wani katafaren gidan wasa da ake kira Winter Gardens, mutum fiye da 3,000, kuma ma'abota sana'ar suna ƙidaya shi a matsayin mafi girman tarukansu. Sun yi na Fabrairun 2020 makonni kaɗan kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana, ranar 11 ga Maris, cewa cutar ta zama annobar da ta game duniya. Na 2021 kuwa ba a yi shi ba. Haka nan babbar ƙungiyarsu ta duniya, FISM, wadda asalinta yake komawa ga taron birnin Lozan na ƙasar Suwizalan a 1948, take kuma shirya gasar fid da gwani bayan kowace shekara uku, ta riga ta tsai da magana cewa bayan gasar Busan ta Koriya ta Kudu a 2018 sai a haɗu a Kwibek ta Kanada a watan Yulin 2021, karo na farko da gasar za ta sauka a Arewacin Amurka. Sai aka ɗage ta shekara guda cur.

Masu barkwanci suka ce, to, idan har shahararren ɗan dabon nan Houdini ya ɓatar da giwa sukutum a kan dandamali a birnin New York cikin 1918, me zai hana magadansa su ɓatar da 'yar ƙwayar cutar da ko ƙwayar gero ta fi ta girma nesa ba kusa ba? Raha ce mai daɗi, ni ma na dara, sai dai tana zaune a kan wani kuskure da ya kamata a kau da shi tun da wuri, wato cakuɗa dabo da sihiri. Mutanen da suke taruwa a Blackpool ba su da'awar aljanu, ba su da'awar sanin gaibu, bal ma mafi yawansu sukan faɗa wa masu kallo tun daga farko cewa zan ruɗi idonku ne da saurin hannu da karkatar da hankali, ku kuwa ku yi ƙoƙari ku kama ni. Malamanmu na da sun san wannan bambanci. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya ware wani mataki da ya ce aikinsa a kan tunanin mai kallo yake, a sa shi ya ga abin da babu shi a zahiri, ya kuma ambaci sunan da ake kiransa da shi, sha'awaza. Kafin shi kuma Al-Jaubari, mutumin Dimashƙa, ya wallafa littafi guda a kan tona asirin masu irin waɗannan dabaru. A Ingila ma, littafin Reginald Scot na 1584, wanda yake cikin na farko da suka bayyana yadda ake dabo da Turanci, an rubuta shi ne domin a nuna wa alƙalai cewa tsofaffin matan da ake kashewa da zargin maita zaluntarsu ake yi. Hukuncin sana'ar a shari'a na bar wa ma'abota fatawa, domin ba shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da nake so in tabbatar shi ne cewa soke wannan taro daidai ne, kuma dalilin da ya fi ƙarfi a kan haka yana cikin sana'ar kanta, ko da likita bai buɗe baki ba.

Sai mai karatu ya san abin da ake yi a wurin kafin ya auna maganata. Wanda bai sani ba zai zaci kujeru ne a jere, mutum ɗaya a kan dandamali daga nesa yana fid da kurciya daga hula. Akwai wannan, amma shi ne mafi ƙarancin abin da yake kai mutane. Akwai kasuwa cikin zaure, inda masu ƙera kayan dabo suke baje hajarsu, mai saye ya ɗauki kofi ko zobe ko kwalin karta ya jujjuya, ya ajiye, wani ya ɗauka, tun safe har dare. Akwai darussa, inda gwani yake tsayawa ya warware dabararsa gaɓa gaɓa. Sa'an nan akwai abin da ya fi duka daraja a wurinsu, wanda ba a rubuta shi a jadawali, wato zaman dare a zaurukan masaukai, inda mutum biyar ko shida sukan kewaye ɗan ƙaramin tebur, kawunansu a haɗe, numfashin wannan yana sauka a fuskar wancan, kowa ya ƙura ido a kan yatsun mutum ɗaya daga tazarar da ba ta kai kamu guda ba, har asuba ta riske su. Reshen sana'ar da ake kira dabon kusa ba ya yiwuwa sai da taɓawa: zaɓi kati ɗaya, sa hannunka a kansa, ara mini zobenka, riƙe wannan tsabar kuɗi ka damƙe, hura mata iska. Da a ce wani ya zauna ya tsara taron da zai fi kowane dacewa da cutar da take bin numfashi, a cikin ɗakuna rufaffu, a tsakiyar hunturun Ingila, da baƙi daga ƙasashe masu yawa waɗanda za su watse su koma gidajensu bayan 'yan kwanaki, da wuya ya zo da abin da ya fi wannan.

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan zuciyar maganar take. Dabo ilimi ne da ake karɓa hannu da hannu, kuma duk wanda ya zauna gaban malami a zaure zai gane abin da nake nufi ba tare da dogon sharhi ba. Littattafansu suna da yawa ƙwarai, amma littafi ba ya iya gaya wa almajiri cewa ɗan yatsanka ya cika tauri, ko idonka yana tona abin da hannunka yake ɓoyewa. Sai wanda ya shekara hamsin yana yi ya kama hannun yaro ya gyara masa. Suna da abin da ya yi kama da isnadi, wane ya karɓa daga wane, wane daga wane, suna kuma da rihla don neman ilimi. Dai Vernon, mutumin Kanada wanda aka haifa a 1894, wanda 'yan sana'ar suke kira Farfesa, ya ji labari a farkon shekarun 1930 cewa akwai wani ɗan caca da yake iya zaro kati daga tsakiyar karta alhali mai kallo yana ganin daga sama ya ɗauka, abin da gwanaye suke ganin ba ya yiwuwa. Ya bi gari gari yana cigiya har ya same shi a wani ɗan ƙaramin gari a jihar Missouri, ya zauna gabansa ya koya. Shi kuma Vernon, daga shekarun 1960 har kusan rasuwarsa a 1992 yana da shekara 98, ya zauna a gidan 'yan dabo na Magic Castle a Hollywood, samari suna tahowa daga ƙasashe suna kewaye shi kamar yadda ake kewaye shehi. To, babban taro shi ne wurin da irin wannan haɗuwa take aukuwa sau ɗaya a shekara ga wanda ba shi da halin ƙaura. Saurayi yana biyan kuɗin jirgi da masauki ne domin ya zauna kusa da dattijo.

Dattijon nan kuwa shi ne wanda cutar ta fi nema. Tun watannin farko likitoci suka tabbatar cewa haɗarin mutuwa yana hauhawa ne tare da shekaru, ta yadda abin da zai kwantar da ɗan shekara ashirin da biyar kwana uku yana iya kai ɗan shekara saba'in da biyar kushewa. 'Yan dabo ba su buƙaci a kawo musu misali daga nesa ba. Roy Horn, abokin aikin Siegfried, wanda suka shekara da shekaru suna cika zauruka a Las Vegas da fararen zakuna da damisoshin Asiya, wanda ɗaya daga cikin damisoshin nan ta cafke shi a wuya a kan dandamali a 2003 ya kuma rayu, korona ce ta zama ajalinsa ranar 8 ga Mayun 2020, yana da shekara 75. 'Yan dabo suna da wata al'ada idan ɗayansu ya mutu, wadda aka fara ta a jana'izar Houdini a 1926: sai a ɗauko sandar dabo a karya ta a gaban jama'a, alamar cewa da mutuwar mai ita ta koma itace kamar kowane itace. Ashe kuwa taron da aka kafa domin a ɗebi abin da yake hannun dattawa kafin a karya sandunansu, idan ya zama shi ne sababin karya su, ya warware saƙar da ya zo yi. Wanda ya soke shi ya kiyaye manufarsa fiye da wanda ya nace a yi.

Ban jahilci abin da masu adawa suke faɗa ba, kuma rashin insafi ne a yi musu ba'a. Na farko suna cewa abinci ne. Ɗan dabo ba shi da albashi. Bukukuwan aure da liyafar kamfanoni da jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa da gidajen abinci su ne gonarsa, kuma duk an rufe su a mako guda. Mai ƙera kaya da ya kwashe shekara yana shirya abin da zai sayar a kasuwar taro ya wayi gari da kaya jibge a ɗaki. Blackpool kanta gari ne da yake rayuwa da baƙi, kuma dubban mutane a watan Fabrairu, lokacin da sanyi ya kori kowa daga bakin teku, ba ƙaramar riba ba ce ga masu masaukai da masu tuƙa tasi. Wannan duk gaskiya ne, kuma wanda albashinsa yake shigowa ƙarshen wata yana zaune a gida ya kamata ya sassauta murya idan yana yi wa irin waɗannan wa'azin haƙuri.

Hujjarsu ta biyu ita ce wadda ba na karɓa. Suna cewa kowa baligi ne mai hankali, wanda ya ji tsoro ya zauna a gida, wanda ya yarda ya ɗauki kasada a bar shi ya zo. Da cutar tana bin ƙa'idar tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, da na yi shiru. Amma a ƙarshen Fabrairun 2020 wani kamfanin haɗa magunguna ya yi taron kwana biyu a wani otal a birnin Boston, mutum kamar 175 kacal, aka sami kusan 100 da suka kamu. Masu bincike da suka bi sawun ƙwayar cutar ta alamomin halittarta suka ƙiyasta daga baya cewa waɗanda suka kamu ta silsilar wannan zama guda sun haura 200,000 kafin shekarar ta ƙare, cikinsu har da marasa galihu masu kwana a gidajen agaji na birnin, waɗanda ba su taɓa jin sunan kamfanin ba, balle a nemi yardarsu. Mutum yana da ikon yin kasada da dukiyarsa, wataƙila har da lafiyarsa, amma ba shi da wakilcin direban da zai ɗauke shi daga filin jirgi, ko tsohuwar da zai koma ya tarar a gida. Ɗan dabo kuwa ya fi kowa cancantar gane wannan, domin rayuwarsa duka a kan ilimi ɗaya ta ginu, cewa abin da yake aiki shi ne abin da ba a gani, kuma hannun da ya fi kama da wofi shi ne yake ɗauke da kaya. Cutar da mutum yake yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ko ciwon kai, yana dariya yana musafaha, da irin dabararsa take aiki.

Mu da muka tashi da karatun tarihin Sahabbai ba baƙi ba ne ga wannan muhawara. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya isa Sarg sai shugabannin runduna suka tarye shi da labarin cewa ɗa'uni ya sauka a ƙasar. Ya shawarci Muhajirai suka saɓa, ya shawarci Ansar suka saɓa, ya kira dattawan Ƙuraishawa suka haɗu a kan ya juya da mutane. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai dausayi ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna masa cewa duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da kuma fita daga cikinta don gudu. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal duka a wannan annoba suka rasu, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa ba ta lafa ba sai da Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. Daga irin wannan ne malaman usulu suka fitar da cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, suka kuma jera maslahohi hawa hawa, na larura sa'an nan na buƙata sa'an nan na ƙawa, suka sanya kiyaye rai a gaban kiyaye dukiya. Ba ina ɗora ibada da wasa a kan mizani ɗaya ba ne, Allah ya kiyaye, amma idan aikin Hajji, wanda ya tara kusan mutum 2,500,000 a 2019, ya koma na 'yan tsirarun mazauna ƙasar Saudiyya a 2020, da mutum 60,000 a 2021, har maniyyatanmu da suka sayar da shanu da amfanin gona suka haƙura shekara biyu a jere, to, da wace fuska ɗan dabo mai kofuna uku da ƙwallo zai ce nasa taron ba ya ɗaguwa?

Inda nake tare da masu ƙorafi ɗari bisa ɗari shi ne wajen rashin daidaito. A makon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelarta, an ci gaba da sukuwar dawaki ta Cheltenham a Ingila, daga 10 zuwa 13 ga Maris, inda aka ƙirga shigar mutum kusan 250,000 cikin kwana huɗu, kafin a kulle ƙasar ranar 23 ga watan. Mai ƙaramar sana'a da ya ga haka, sa'an nan aka ce masa shi ya rufe, ba laifinsa ba ne idan ya zargi cewa doka tana duban aljihu kafin ta yi magana. Sai dai kuskuren da aka yi wajen barin babba maganinsa a hana babban, domin barin ƙaramin ƙari ne a kan ɓarna. Akwai kuma haƙƙi a kan masu shirya kowane taro, wanda soke shi ba ya sauke musu: kuɗin da mutane suka biya tun watanni amana ne, ko a mayar ko a nemi yardar mai shi kafin a riƙe masa zuwa baɗi, kuma a faɗi magana da wuri, kafin talaka ya sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa. Mai jan ƙafa har saura mako guda, yana fatan hukuma ta hana domin laifin ya sauka daga wuyansa, bai cancanci yabon da nake yi ba.

An gwada maye gurbin da intanet, kuma ba a rasa abin kirki ba. Helder Guimarães, ɗan ƙasar Fotugal, ya shirya wani wasa a 2020 tare da wani gidan wasan kwaikwayo na Los Angeles, inda ake aika wa kowane mai kallo ƙulli a rufe ta gidan waya, ba zai buɗe ba sai an fara, domin dabon ya auku a hannunsa a cikin ɗakinsa. A Janairun 2021 kuma ƙungiyar Magic Circle ta Landan ta yi bikin cika shekara 100 da ranar da P. T. Selbit ya fara nuna raba mutum gida biyu da zarto a cikin akwati, 17 ga Janairun 1921, kuma ta allon kwamfuta aka yi bikin. Amma kowa ya san allo maƙaryaci ne tun asali. Wanda ya saba ganin mutum yana tashi sama a fim ba zai yi ta'ajibi don kati ya canja launi a cikin akwatin hoto ba, zai ce aikin na'ura ne. Dabo yana buƙatar mai kallo ya tabbata babu komai tsakaninsa da hannun nan sai iska, iskar kuwa ita ce aka ce a guje wa. Saboda haka ban yarda da masu cewa ba a yi hasarar komai ba. An yi hasarar shekara guda ta zaman dare, kuma akwai dattawan da ajali ya riske su a cikinta ta wasu sababai, suka tafi da abin da yake yatsunsu ba a karɓa ba.

Shi kuwa gidan Winter Gardens bai zauna a rufe ba a wannan hunturu. Tun daga ƙarshen Janairun 2021 hukumar lafiya ta Ingila ta mai da shi cibiyar allurar rigakafi, kuma da yake da masu yawan shekaru aka fara, sai ya zama a daidai makonnin da aka saba ganin dattawa da akwatunan karta da zobba suna cika zaurukansa, dattawa ne dai suke shiga, da takunkumi a fuska, da tazara tsakanin kowane biyu, kowa ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, kamar yadda ɗan dabo yake yi idan yana so a shaida babu abin da ya ɓoye. A Fabrairun 2022 'yan dabo suka komo gidan, a watan Yulin shekarar kuma aka yi gasar Kwibek.